Kaburbura A Tsakiyar Gonaki: Zagayen Filayen Yaƙi Na Arewacin Kano

Duk wanda ya ɗauki darasin Tarihi har ya zauna jarrabawar fita, na san bai manta da haddar shekarun da muka sha ba: 1804 jihadin Shehu, 1903 zuwan Turawa, 1914 Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1939 yaƙin Hitila. Muna jero su kamar karatun allo. To amma da za a tsayar da ɗayanmu a tashar Dambatta ko ta Bichi, a ce ya nuna wuri ɗaya da aka gwabza yaƙi a wannan ƙasa da ta haife mu, ko inda aka binne waɗanda suka faɗi, sai ka ga an shiga sosa ƙeya. Alhali kuwa arewacin Kano ya sha jini ƙwarai a cikin shekara ɗari da ta gabaci zuwan Turawa. Abin da ke akwai shi ne, ƙasarmu ba ta ajiye tarihin yaƙi a kan dutse. Tana da nata ma'ajin dabam, kuma wanda bai san inda zai duba ba yana iya wucewa ta kansa a mota sau ɗari bai sani ba.

Bari mu fara da yadda wasu suke yi, don mu ga bambancin. A arewacin Faransa akwai wani yanki da ake kira Somme, ƙasar manoma ce kamar tamu, sai dai su alkama da dankali suke nomawa. A ranar 1 ga Yuli 1916 kaɗai, sojan Ingila fiye da 19,000 suka mutu a wurin. Yau idan ka ratsa ƙauyukan za ka riƙa ganin makabartu a tsakiyar gonaki, kowace an kewaye ta da katanga, an dasa furanni, ga fararen duwatsu sahu-sahu, kowane ɗauke da sunan mamaci da lambarsa da bataliyarsa. Waɗanda ba a ga gawarsu ba kuwa, an yi musu wani ƙaton gini a ƙauyen Thiepval, an sassaƙa sunaye fiye da 72,000 a jikinsa. Akwai hukuma guda da aka kafa tun 1917 wadda ba ta da wani aiki sai kula da irin waɗannan kaburbura a ko'ina cikin duniya. Makarantu kan cika motoci da yara a kai su su gani. Manoman wurin kuma har yanzu garmarsu tana tono harsasan igwa duk shekara.

Mu kuwa dalilai biyu ne suka sa namu ya bambanta. Na farko addini. Malamanmu sun hana gini a kan kabari da ƙawata shi. Abin da muka sani shi ne a jera itace ko tukwane, a rufe da ƙasa, a ɗan tayar da tudu, a kafa ɓallin tukunya a wajen kai. Damina uku ko huɗu ta isa ta baje shi. Wanda ya faɗi a fagen fama kuma, hukuncinsa a binne shi inda ya faɗi, da tufafin jikinsa, ba wanka, kamar yadda aka yi wa shahidan Uhudu. Saboda haka mayaƙan da ba a ɗauko su zuwa gida ba, kuma su ne mafi yawa, suna nan kwance a inda aka yi karon. Wannan ba sakaci ba ne, kada wani ya ɗauka haka. Tarbiyya ce da ta daidaita bawa da basarake a ƙarƙashin ƙasa.

Dalili na biyu shi ne ƙasar kanta. Baturen nan ɗan Jamus mai yawon duniya, Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da Abdulkarimu, ya shigo Kano daga Katsina ta Kusada da Bichi a farkon Fabrairun 1851, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa a hanya shi ne yawan gonaki da ƙauyuka da itatuwa. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, a shekarun 1960, wani masanin labarin ƙasa mai suna Michael Mortimore ya yi bincike a kan wannan yanki da ke kewaye da birni, ya nuna yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ana ciyar da ita da takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke ɗaukowa a mangala. Mu ba sai an gaya mana ba, mun yi kiwon jakunan. A ƙasar da gado yake raba gona gida biyar, kowa kuma yana lissafin kunya-kunya, wa zai bar kadada guda ta zauna haka kawai don an taɓa yin yaƙi a kanta? Filin da aka yi daga da rani, da ruwa ya sauka gero ake shukawa. Bayan 1903 da aka daina kai hari, mutane suka fito daga cikin ganuwa suka yi gidaje a gonakinsu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, sai ɗan abin da ya rage na daji ma aka share shi.

To mai son ziyara daga ina zai fara? Ni dai shawarata ya fara da Fanisau, a ƙasar Ungogo, ɗan taƙi kaɗan arewa da birni. Yawancinmu mun san ta ne da hawan da Sarki kan yi can a bukukuwan Sallah, amma asalinta ribaɗi ce, wato garin tsaro, kuma labarinta yana da tushe tun daga jihadi. Lokacin da malaman Kano, irin su Malam Jamo, da Malam Bakatsine, da Malam Jibir, da Malam Dabon Dambazau, da Malam Ɗanzabuwa, suka ɗaura yaƙi da Sarki Muhammadu Alwali, karon da ya karya ƙarfin Haɓe a Ɗanyaya aka yi shi, arewa da birni. Daga nan Alwali ya bar Kano ya yi kudu, aka ci masa a Burumburum a 1807. A cikin waɗanda suka taimaki masu jihadi a wannan shiyya akwai wani jarumin Bafulatani mai suna Ɗantunku, wanda ke zaune a Dambatta, kuma shi ake yaba wa da hana rundunonin Kano da Katsina da Daura haɗuwa wuri ɗaya. Da Sarki Sulaimanu ya rasu a 1819 aka naɗa Ibrahim Dabo, sai garuruwa da yawa suka ƙi yin mubaya'a. Dabo ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har ya sami kirarin Cigari. Amma Ɗantunku ya zame masa ƙarfen ƙafa, shekara da shekaru ana kai-kawo, harinsa yana isowa har kusa da ganuwar birni. Don a tare wannan ƙofa ta arewa Dabo ya mayar da Fanisau sansaninsa.

Muna da shaidar wanda ya gani da idonsa. Kyaftin Hugh Clapperton, Baturen Ingila, ya iso Kano a ranar 20 ga Janairu 1824, ya tarar Sarki ba ya gari, sai da aka kai shi Fanisau ya gaishe shi, a lokacin ana shirin fita yaƙin Ɗantunku. A ƙarshe Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya raba gardama: Kazaure ta zama masarauta mai cin gashin kanta a hannun Ɗantunku da zuriyarsa, Dambatta kuwa ta zauna a ƙasar Kano, ta zama mazaunin Sarkin Bai, na gidan Malam Dabon Dambazau. Saboda haka idan ka wuce Dambatta ka ga allon da ke yi maka maraba da shiga Jihar Jigawa, ka sani iyakar ta girmi 1991 nesa ba kusa ba. Da takobi aka shata ta, kuma ni a ganina wannan allo shi ne abin tunawa da yaƙin Ɗantunku mafi girma da muke da shi, ko da yake waɗanda suka kafa shi ba da wannan nufi suka kafa ba.

Akwai wani abu game da Fanisau da ba a cika faɗa a wajen hawa ba. Bayan zamanta ribaɗi, ta kuma zama wurin gandayen sarki da na attajirai, kuma bayi ne ke noma su, da yawansu kamammun yaƙi. Wani masanin tarihi, Mohammed Bashir Salau, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan a 2011. Idan muna lissafin waɗanda yaƙi ya ci, sai mu tuna da barade masu sulke da kwalkwali, mu manta da matar da aka kamo tana ɗiban ruwa a wani ƙauye mai nisa, ta ƙare rayuwarta tana sussuka a gandun wani. Ita ma a makabartar garin take, kuma ita ma yaƙi ne ya kawo ta. Mai ziyara ya sa ta a cikin addu'arsa.

Daga Fanisau sai ka komo ka hau hanyar Daura. Kafin ka kai Dambatta akwai Tattarawa, a ƙasar Dawakin Tofa. Direba ba ya ko rage gudu sai in zai sauke fasinja, amma sunan garin yana cikin littattafan tarihin Kano, domin a nan aka yi ɗaya daga cikin manyan karon Kanawa da Damagarawa, shekara saba'in da wani abu bayan Ɗantunku. Damagaram, wato ƙasar Zinder a Jamhuriyar Nijar ta yau, ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. A zamanin Sarki Tanimu ta yi ƙarfi ainun, ta tara bindigogi ta hanyar fataken Sahara, har maƙeranta suna zuba igwa da kansu. Da mulki ya zo hannun Ahmadu Kuran Daga, sai ya juyo da wannan ƙarfi kudu. A ƙarshen shekarun 1890 ya yi ta kawo wa Sarkin Kano Alu yaƙi, aka gwabza a Gezawa, aka gwabza a Tattarawa, rundunarsa ta kusanto birni. Ka duba taswira ka ga abin da wannan ke nufi ga talakan da ke tsakani. Dubban dawaki da dakaru ba da guzuri suke tafiya ba, rumbun da suka tarar shi ne guzurinsu. Ƙauyen da ba shi da ganuwa sai gudu, wanda aka kama kuwa sai kasuwar Zinder ko ayarin Sahara.

Abin da ya kashe wannan wuta daga waje ya zo. A 1898 aka kashe wani hafsan Faransa, Kyaftin Cazemajou, a Zinder. A watan Yulin 1899 Faransawa suka zo ramuwa, suka karya rundunar Damagaram a Tirmini, suka shiga birnin, ba da jimawa ba kuma aka kashe Ahmadu a wani ƙauye da ake kira Rinji. Shi ya sa za ka ji ana ce masa Maje Rinji.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin mun zo kan ɗaya daga cikin ma'ajin da na ambata da farko. Bature yana rubuta wurin mutuwa a kan dutse, Bahaushe kuwa a jikin sunan mamacin yake liƙa shi, ya bar wa baki ya ɗauka. Usmanu Maje Ringim. Abdullahi Maje Karofi, wanda ajali ya riske shi a Karofi ta ƙasar Katsina. Abbas Maje Nasarawa. Waziri Ahmadu Mai Shahada. Ba ruwan sama da zai goge wannan, ba mai gona da zai nome shi. Haka sunayen garuruwa: duk inda ka ji Kafi, kamar Kafin Maiyaƙi ko Kafin Hausa, to an taɓa kafa itatuwa an kewaye wurin don tsoron hari. Illar wannan ma'aji ɗaya ce, kuma babba ce: sarakuna da manyan hakimai kaɗai yake riƙewa. Ɗan baka da ɗan lifida da yaron da ke jan doki, su ba wanda ya ce musu Maje ko'ina.

Su sai dai a neme su a ƙasa, kuma ƙasar tana magana ga wanda ya iya saurare. Idan kana tafe a cikin gonaki da rani ka hangi kukoki sun yi cincirindo wuri ɗaya ba gida ko ɗaya a kusa, to kufai ne, gari ya taɓa zama a nan. Kuka ba ta taruwa haka sai inda mutane suka yi miya. Matsa kusa za ka ga ɓallin tukwane a cikin kunya, wani wurin da rijiyar da ta cike, ko ramukan marina. Manomi yana son gonar kufai domin ta fi ba da amfani. Idan ka ga wani dogon tudu ya yi baka ya kewaya, da ɗan kwari a bayansa inda ruwa ke kwanciya da damina, to ragowar ganuwa ce da gwalalonta. Kusan duk tsohon gari a wannan yanki ya taɓa zama cikin irinta, wasu har da sarƙaƙiyar ƙaya a waje don ta tsayar da doki. Idan kuma ka ga wani ɗan kurmi na aduwa da magarya da sabara a tsakiyar gonakin da aka share fes, ba a nomansa, ba a saran itacensa, yara ba sa shiga da awaki, to tsohuwar makabarta ce. Tambayi dattawan wurin ko su wa ke ciki. Wani lokaci za a ce maka mutanen da ne kawai. Wani lokaci kuwa sai a ce na yaƙin wane ne, ko na shekarar yunwa, domin yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta yi wa arewacin Kano ɓarnar da ba kowane yaƙi ne ya yi irinta ba, ita ma kuma ba ta da dutse.

Sai mu juya yamma, hanyar Bichi da Tsanyawa. Wannan ita ce ƙofar da mahayan Maraɗi kan ɓullo ta cikinta, musamman zamanin Ɗanbaskore. Ta wannan shiyya kuma aka ƙarasa yaƙin da ya fi kowane ciwo, wato Basasa. Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya sa aka naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fita zuwa Takai a ƙarƙashin Yusufu. Yusufu ya rasu a Garko, Alu ya karɓi jagoranci, ya ci birni a 1894. Tukur ya fice da jama'arsa ya shiga ƙasar Katsina, Alu ya bi shi, a 1895 aka yi karon ƙarshe a Tafashiya, ta wajen Kankiya, inda Tukur ya gamu da ajalinsa. Jikokin Dabo ne gaba ɗayansu, ɗan wa da ɗan ƙane. Na lura tsofaffi sun fi sakin baki a kan yaƙin Damagaram fiye da wannan, kuma ba abin mamaki ba ne, domin a gari ɗaya akan sami zuriyar wanda ya kashe da ta wanda aka kashe, har sun yi auratayya. Mai son cikakken bayani ya nemi littafin Adamu Fika na 1978 a kan Basasar Kano da zuwan Turawa, ko Kano Ta Dabo Cigari na Wazirin Kano Alhaji Abubakar Dokaji.

Zuwan Turawa kansa bai bar filin yaƙi a arewacin Kano ba. Kanar Morland ya taso daga Zariya da soja fiye da 700, mafi yawansu baƙar fata, da Hausawa a cikinsu, ya fasa Bebeji, ya shiga Kano a ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu yana Sakkwato da manyan mayaƙansa. A kan hanyarsu ta komowa ne suka yi karo da wata 'yar rundunar Turawa a Kwatarkwashi, cikin Jihar Zamfara ta yau, a ƙarshen watan. A nan Waziri Ahmadu ya faɗi tare da jama'a masu yawa. Hafsan da ya jagoranci Turawa, Laftanar Wallace Wright, an ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Ingila. Mahayan da hakiman Kano suka tattaro daga garuruwansu kuwa suna can gindin duwatsun Kwatarkwashi. Alu ya rasu a Lakwaja a 1926, a hannun Turawa.

Bayan wannan sai yaƙi ya daina zuwa mana gida, mu muka riƙa zuwa masa. Rundunar Nijeriya ta yi yaƙin Kamaru daga 1914 zuwa 1916, ta wuce Gabashin Afirka. A yaƙin Hitila aka ɗora wa hakimai da dagatai nauyin kawo samari, aka zuba su a jirgin ruwa daga Ikko zuwa Indiya, daga can sai dazukan Boma, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi ta fama da Japanawa daga 1943 zuwa 1945. Da yawansu ma ba bindiga suke riƙe ba, kaya suke ɗauka a ka, a tsaunukan da mota ba ta hawa. Waɗanda suka girma a ƙauye a shekarun 1960 da 1970 sun san 'yan Boma: tsoho da tsohuwar rigar kaki, da lambobi a cikin gwangwani, da labarin ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Ƙarshensu yana cika shekara ɗari yanzu, in ma akwai sauran.

Waɗanda ba su dawo ba fa? A nan ne abin mamaki yake. Ɗan ƙauyen arewacin Kano da ya mutu a Boma yana iya samun abin da kakansa da ya faɗi a Tattarawa bai samu ba, wato suna a kan dutse, sai dai dutsen yana can makabartar Taukkyan, arewa da birnin Yangon. Akwai kaburbura fiye da 6,000 a wurin, da wani gini mai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da 'yan Afirka ta Yamma a cikinsu. Uwar da ta haife shi ta mutu ba ta san akwai wurin ba. Da yawa daga cikin na Yaƙin Ɗaya kuwa ko wannan ba su samu ba. A watan Afrilun 2021 ita hukumar kula da kaburburan ta fitar da rahoto da kanta, ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, akasari 'yan Afirka da wasu ƙasashen da aka mallaka, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, adadin kuma yana iya kai 350,000, har Ministan Tsaron Ingila ya tashi a majalisa ya nemi afuwa. Mu rashin dutsenmu zaɓi ne na addini. Wancan kuwa wasu ne suka zauna a ofis suka ga baƙar fata bai cancanci kuɗin sassaƙa ba, kuma bai kamata a haɗa biyun ba.

A gida abin da ya rage na Boma shi ne sunayen bariki. Dodan Barak ta Ikko, wadda aka yi mulkin ƙasar nan daga cikinta har 1991, sunan wani wuri ne a Boma. Haka Myohaung da Arakan a Ikko, da Dalet a Kaduna. Bukavu ta Kano kuwa daga Kwango aka samo ta, inda sojanmu suka je aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a farkon shekarun 1960.

Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya fi kusa da mu, wasunmu yayyensu ne suka tafi. Janar Murtala Muhammed, wanda ya jagoranci runduna ta biyu, kabarinsa sananne ne a Kano tun 1976. Samarin da suka nutse a kogin Kwara a yunƙurin ƙetarawa zuwa Anaca a watan Oktoban 1967 ba su da inda za a tsaya a ce ga su nan. Haka mutanen Asaba da aka kashe a wannan wata, haka Inyamuran da aka kashe a Kano a 1966. Wanda zai yi lissafin matattu da gaskiya ba ya tsallake shafi. Ranar 15 ga Janairu kowace shekara ake ajiye furanni a manyan birane don tunawa da 'yan mazan jiya. Ban taɓa ganin wannan biki ya isa ƙauyen da ya ba da ɗa ba.

Abin da ya sa na ga ya dace a yi wannan magana yanzu shi ne ma'ajin namu yana yoyo. Ganuwar da ta jure wa igwar Damagaram ba ta jure wa mai tifa da mai buga bulo. Garuruwa suna faɗaɗa, ana yanka filaye, tsohuwar makabartar da ba ta da katanga kuma ita ce ta farko da ake ci wa gefe. Dattawan da suka ji labarin Alu daga bakin waɗanda suka gan shi sun kusa ƙarewa. An ma yi shekaru da cire darasin Tarihi daga ƙananan azuzuwa kafin a dawo da shi. Ga shi kuma a 2025 aka riƙa jin harin 'yan bindiga a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, ta ƙofar nan dai da mahayan Maraɗi suka saba bi, mutane suna kwana a daji kamar yadda kakanninsu suka yi.

Wanda ya yi niyyar zagayen, ya bari sai an gama girbi, tsakanin Disamba da Maris, lokacin da aka kwashe kara, ƙasa ta fito fili, ba kuma za a taka wa kowa shuka ba. Kada ya faɗa gonar mutane kai tsaye da na'urar ɗaukar hoto. Ya fara ta gidan dagaci ko mai unguwa da ɗan goronsa, a haɗa shi da wanda ya san wurin. A makabarta ya yi sallama, ya yi addu'a, kada ya taka kabari, kada ya ɗauki komai. Ya nemi tsofaffin mata kamar yadda zai nemi maza, domin su ne ke riƙe da wa ya haifi wa, da inda aka gudu aka fake. Wayar da ke aljihunsa ta isa ta ɗauki murya. Abin da ya samo ya gwada shi da rahotannin gundumomi da Turawan mulki suka rubuta, waɗanda ke ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ya kuma leƙa Gidan Makama ya ga irin makaman da ake magana a kansu.

In kuwa a gidanku akwai wanda ya tafi Boma bai dawo ba, a binciki tsohuwar adaka ko akwai wata takarda mai lambar soja. Rajistar hukumar kaburburan tana intanet, kyauta ake dubawa. Sai dai a yi hattara da suna. Akawun bariki ba ya tambayar sunan uba ko na ƙauye, sunan yanka yake rubutawa ya liƙa masa babban garin da ya sani, shi ya sa rajistar ta cika da su Musa Kano da Garba Kano da Audu Katsina. Mutumin Kunci ko Makoɗa ko Minjibir yana iya kasancewa a cikin waɗannan Kanon, kuma lambar ce kaɗai za ta fitar da shi daga cikinsu.